Kuɗin Kwance Bam: Tambayoyi da Amsoshi kan Kasafi, Kayan Aiki da Rabon Gombe da Bauchi

Duk lokacin da aka gabatar da kasafin kuɗin tarayya, hankalin jama'a kan tafi ga jimillar da aka ware wa tsaro, sannan ga jiragen yaƙi da tankoki. Ba kasafai ake tambayar abin da ya kai hannun jami'in da ake turawa ya tunkari jakar da aka yar a tasha ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi wannan jami'in, da kayan da yake buƙata, da hanyar da kuɗinsu ke bi.

Yaƙin Boko Haram yana Borno da Yobe. Me ya haɗa Gombe da Bauchi da wannan magana?

Wanda ya zauna a jihohin nan biyu tsakanin 2011 da 2015 ba ya buƙatar dogon bayani. A ranar 29 ga Mayu 2011 bama-bamai sun tashi a kasuwar barikin Shadawanka da ke Bauchi. A ƙarshen 2014 Azare ta sha hare-hare a jere, ciki har da na kasuwar sayar da wayoyi. A Gombe kuwa an kai hari tashar mota a ƙarshen Oktoba 2014, sai tashar Dukku a ranar 22 ga Disamba, sai kusa da filin wasa na Pantami a Fabrairun 2015 jim kaɗan bayan gangamin zaɓen shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan. Mafi muni shi ne na babbar kasuwa a ranar 16 ga Yuli 2015, ana tsakiyar cefanen ƙaramar Sallah, inda kusan mutum 50 suka rasu. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa da shi: a Nuwamban 2014 'yan Boko Haram sun shiga kamfanin siminti na Ashaka suka kwashi nakiyar fasa dutse.

An samu sauƙi tun daga lokacin, alhamdu lillahi, amma hanyar Gombe zuwa Biu da Damboa ba ta rabu da 'yan kasuwarmu da direbobinmu ba, kuma a Afrilun 2025 bam ɗin da aka binne a kan titi ya hallaka fasinjoji tsakanin Damboa da Maiduguri. Motar da ta tashi daga Gombe da asuba, a kan irin wannan titin take yini.

Aikin wane ne, soja ko ɗan sanda?

Na dukansu ne, kowa da filinsa. A cikin gari, idan an ga abin da ake zargi a kasuwa ko masallaci ko makaranta, aikin sashen kwance bam na rundunar 'yan sanda ne, wanda ake kira EOD. A fagen daga da kan hanyoyin da ake binne nakiyoyi, injiniyoyin rundunar sojan ƙasa ne ke shiga gaba su share wa ayari hanya, kuma babbar makarantarsu tana Makurɗi. Wannan rabon aiki yana da tasiri a kan kuɗi, domin kasafin soja yana bi ta Ma'aikatar Tsaro, na 'yan sanda kuma ta wata ƙofa daban, ga kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da nasa. Ana iya ƙara wa soja kuɗi a shekara guda ba tare da sashen 'yan sanda na Gombe ya ga ko sabon batir ba.

Waɗanne kaya ne ake magana a kansu?

Na farko shi ne rigar kariya, wadda nauyinta tare da hular kwano kan kai kilo 30 zuwa 40. An yi ta ne don ta tare tartsatsin ƙarfe da zafin wuta, ta kuma rage ƙarfin bugun iskar fashewa, amma ba ta hana mutuwa idan bam ɗin babba ne kuma mutum yana dab da shi. A zafin Maris da Afrilu irin na Gombe ba mai iya daɗewa a cikinta sai da abin sanyaya jiki, wanda shi ma sai an saya.

Na biyu shi ne mutum-mutumin da ake sarrafawa daga nesa, mai kyamara da hannu. Sojojin Birtaniya ne suka fara amfani da irinsa a 1972 a Ireland ta Arewa, bayan sun yi asarar jami'ai da dama da ke kwance bam da hannu. Shi ne ke ɗaukar wata bindiga mai harba ruwa da tsananin ƙarfi, wadda ke wargaza haɗin bam kafin ya samu damar tashi. Sai na'urar ɗaukar hoton cikin jaka, irin ta asibiti amma ta tafi-da-gidanka, da na'urorin laluben abin da aka binne, da na'urar toshe siginar da ake tayar da bam daga nesa da ita, da ƙananan jirage marasa matuƙi da ke duba hanya kafin ayari ya iso.

Na ƙarshe kuma mafi tsada su ne motoci masu sulke da ake kira MRAP. Ƙarƙashinsu a tsuke yake kamar gindin kwalekwale, domin ƙarfin fashewa ya watsu gefe maimakon ya ratsa inda mutane ke zaune. Dabarar ta fito ne daga kudancin Afirka a shekarun 1970, kuma Amurka ta kashe fiye da dala biliyan 40 wajen sayensu don yaƙin Iraƙi da Afganistan.

Ba kayan da ke maganin komai. Na'urar toshe sigina ba ta da amfani a kan bam ɗin da nauyin mota ko taku ke tayarwa, na'urar gano ƙarfe kuma tana iya wuce abin da ƙarfensa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ake haɗa ta da mai hango cikin ƙasa.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Daga wurare da dama, kuma wannan na cikin abin da ke sa bin diddiginsu ya yi wuya. Akwai kasafin shekara-shekara da Majalisar Tarayya ke amincewa da shi. Akwai ƙarin kasafi na tsakiyar shekara, kamar na 2021 da ya kai kimanin naira biliyan 983, wanda mafi yawansa ya tafi ga kayan yaƙi. Akwai kuɗin da ake cirewa na musamman, kamar dala biliyan 1 da gwamnoni suka amince a ɗebo daga asusun rarar man fetur a Disambar 2017. Ga 'yan sanda akwai asusun tallafi da aka kafa da doka a 2019 domin kayan aiki da horo. Sai kuma gudummawar gwamnatocin jihohi da ta ƙasashen waje.

Kayan kwance bam a warwatse suke cikin duk waɗannan, ba a ƙarƙashin kai guda ba, wani lokaci a cikin kuɗin ayyukan raya runduna, wani lokaci a cikin kuɗin gudanar da rundunar Haɗin Kai, wadda ke yaƙar Boko Haram a Arewa maso Gabas.

Kasafin tsaro kullum ƙaruwa yake yi. To me ya sa ake kukan ƙarancin kaya?

A nan ne ainihin matsalar take, kuma tana da fuska uku.

A kasafin 2024 da Shugaba Bola Tinubu ya gabatar an ware wa tsaro naira tiriliyan 3.25, a na 2025 kuma tiriliyan 4.91. A ido ƙari ne na kusan rabi. Sai dai an gina na farko a kan naira 750 kowace dala, na biyu kuma a kan naira 1,500, saboda haka idan aka mayar da su dala, na farko ya kai kimanin biliyan 4.3, na biyu kuma bai wuce biliyan 3.3 ba. Tunda kusan duk kayan kwance bam daga waje ake sayo su, da dala ko yuro ko fam, ƙarin da aka gani a takarda raguwa ce a wurin mai sayarwa. Na'urar dala dubu 100 da ta tashi a kan naira miliyan 46 a farkon 2023 ta koma miliyan 150 a 2024.

Fuska ta biyu ita ce kaso mafi tsoka na kasafin yana tafiya ne a albashi da alawus da fansho da ciyarwa, waɗanda ba a iya jinkirta su. Kuɗin sayen kaya shi ne ake fara taɓawa idan kuɗin shiga ya gaza, kuma abin da majalisa ta amince da shi ba lallai ne shi aka saki ba.

Ta uku, wadda a ganina ta fi sauran nauyi, ita ce sayen kaya shi ne mataki mafi sauƙi. Mutum-mutumi yana buƙatar batir na musamman, da sarƙar ƙafa, da kyamara, da injiniyan da ya san cikinsa. Rigar kariya tana da wa'adi, domin zaren da aka saƙa ta da shi yana raunana da zafi da gumi da shekaru. Na'urar toshe sigina tana buƙatar a riƙa sabunta ta, tunda masu dasa bam su ma ba a zaune suke ba. Motar sulke tana cin tayoyi da mai fiye da kima. Duk manomin da ya taɓa ganin taraktocin gwamnati jibge a harabar sakatariya, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu saboda wani ɗan ƙarfen da ba a samu ba, ya san yadda abin yake. Bikin ƙaddamar da sababbin kaya yana jawo 'yan jarida da manyan baƙi, kwangilar kula da su ta shekara biyar kuwa ba mai ɗaukar hotonta, don haka ita ake fara yankewa.

Sai kuma mutum da kansa. Horar da jami'in kwance bam yana ɗaukar watanni, ƙwarewa kuma sai da shekaru. Idan aka horar da shi sannan aka mayar da shi gadin ƙofar wani babba, ko ya bar aiki saboda alawus ɗin haɗari bai kai ya kawo ba, kuɗin horon ya bi ruwa. Mutane da yawa suna tuna abin da ya faru a Kaduna a Fabrairun 2012, lokacin da wani sajan na sashen kwance bam ya je duba wata leda a Unguwar Sarki ba tare da rigar kariya ba, abin ya tashi da shi a gaban jama'a.

Ba gara a zuba kuɗin a jiragen yaƙi a gama da masu dasa bam ɗin ba?

Jirage suna da aikinsu, kuma ba wanda ke cewa a daina sayensu. Amma a duba girman bambancin. Najeriya ta biya dala miliyan 496 don jiragen Super Tucano 12 da abin da ya biyo su na makamai da horo, suka iso a 2021. Idan aka raba, kowane jirgi ya tashi a kan fiye da dala miliyan 41. Ko da an ƙaddara mutum-mutumi guda a kan dala dubu 250, kuɗin jirgi ɗaya ya isa a sayi fiye da 160, wato a ba kowace jiha huɗu, har a samu saura. Bugu da ƙari, jirgi ba ya tono abin da aka riga aka binne. Ko yau aka daina harbi, nakiyar da ke cikin gona tana nan tana jiran garma.

Shin ana iya sayar wa gwamnati kayan bogi a wannan fanni?

An yi, kuma ba a ɓoye yake ba. Wani ɗan kasuwar Birtaniya, James McCormick, ya shafe shekaru yana sayar da wata na'ura mai suna ADE 651, wadda ya ce tana gano bam daga nesa. Ba komai ba ce illa mariƙin roba da eriya mai juyawa, an kwaikwayo ta daga wani abin wasa na neman ƙwallon golf da kuɗinsa bai wuce dala 20 ba, amma an sayar da wasu har dala dubu 40 kowace. Iraƙi kaɗai ta kashe gomman miliyoyin daloli a kanta, kuma maƙwabciyarmu Nijar tana cikin ƙasashen da aka sayar wa. Kotun Landan ta ɗaure shi shekara 10 a 2013, amma duk da haka sai a Yulin 2016, bayan wani mummunan hari a Bagadaza, firaministan Iraƙi ya ba da umarnin janye ta daga shingayen bincike.

Abin da ya ba irin wannan damfara dama shi ne ba a gwada na'urar a gaban masana masu zaman kansu ba kafin a biya kuɗi. Wannan ya shafi har kwamitocin masallatai da shugabannin kasuwa da ke tara kuɗi su sayi sandar binciken jiki. Sandar ƙarfe take ganowa, ba sinadarin fashewa ba. Tana da amfani a bakin ƙofa idan mai riƙe da ita ya san aikinsa, amma duk dillalin da ya ce tasa tana shinshino bam daga nesa, a nemi shawarar sashen 'yan sanda kafin a ba shi ko kwabo.

Harkar tsaro sirri ce. Talaka yana da hurumin tambaya?

Akwai abin da ya cancanci sirri, kamar irin siginar da na'ura ke iya toshewa ko yawan jami'an da ke wani sansani. Farashin rigar kariya ba ya cikinsu, tunda kamfanin da ya ƙera ta yana sayar wa ƙasashe da dama. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro na musamman daga ƙa'idojinta sai in shugaban ƙasa ya ba da izini, kuma ta wannan kafa ce kwangiloli da yawa ke wucewa ba gasa. Binciken da gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara a 2015 ya kai ga zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai ta ofishin tsohon mai ba da shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, zargin da ya musanta. A daidai shekarun da ake magana a kansu ne bama-bamai ke tashi a Gombe da Azare.

Hanyar tambaya a buɗe take. Majalisar Dattawa da ta Wakilai suna da kwamitocin tsaro, da na sojan ƙasa, da na 'yan sanda, waɗanda shugabannin rundunoni ke zuwa gabansu kare kasafi kowace shekara. Gombe tana da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 6, Bauchi tana da 3 da 12. Tambayar da ta fi dacewa a aika da su ita ce: cikin kayan da aka saya, nawa ne ke aiki a yau, kuma nawa aka ware don gyaransu?

Me ya hana a ƙera kayan a gida?

An fara, a wani ɓangare. Kamfanin ƙera makamai na gwamnati, DICON, yana Kaduna tun 1964, kuma a Disambar 2019 aka ƙaddamar da motar sulke mai suna Ezugwu da aka haɗa a can. Kamfanin Proforce da ke jihar Ogun shi ma yana ƙera tasa mai suna Ara. A 2023 an sa hannu a kan sabuwar dokar DICON da ta faɗaɗa damar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Sai dai inji da ƙarfen sulke da kayan lantarki galibi daga waje suke zuwa, don haka dala ba ta saki wuyan aikin ba tukuna. Ribar da ta fi bayyana ita ce ta gyara, domin motar da aka haɗa a Kaduna ba ta jiran injiniya daga Turai. Ƙaramin mutum-mutumi na leƙe da kyamara kuwa bai fi ƙarfin sashen injiniya irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, matuƙar akwai mai saye da ya yi alƙawari kuma akwai wurin gwaji na gaskiya.

Wane taimako ke zuwa daga waje?

A Janairun 2016 Amurka ta ba sojojin Najeriya motocin MRAP 24 da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 11. Sojojin Birtaniya sun daɗe suna horar da na Najeriya dabarun gano bam ɗin da aka binne. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi, UNMAS, ta fara aiki a Arewa maso Gabas a 2018, inda take wayar da kan al'umma tana kuma horar da jami'ai. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiyoyin da ake dasa wa mutane a 2001, wadda ta ɗora mata nauyin share ƙasarta, har da waɗanda aka haɗa da hannu. Kyauta dai ba ta zuwa da kayan gyara na har abada, kuma idan kaya suka fito daga ƙasashe biyar, kowanne da irin batirinsa da kusoshinsa, ma'ajiyar runduna ce ke shan wahala.

Gaskiya ne ana amfani da dabbobi?

Gaskiya ne. Karnukan da aka horar suna cikin mafi ingancin hanyoyin gano sinadarin fashewa, ko da yake zafi yana saurin gajiyar da su kuma ciyar da su da kula da lafiyarsu kuɗi ne na kullum. A Morogoro ta Tanzaniya wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da gafiya, dangin wadda yara ke farauta a nan, kuma an yi aiki da ita a Mozambik da Angola da Kambodiya. Ba ta da nauyin da zai tayar da nakiya, kuma ba ta tsayawa a kan kowane guntun ƙarfe. Aikinta na share gonaki ne bayan yaƙi, ba na gaban ayarin soja ba.

Gwamnatin jiha tana da abin yi?

Tana da shi, ko da yake soja da ɗan sanda na tarayya ne. Gwamnoni sun saba saya wa jami'an tsaro motocin sintiri, kuma kuɗin 'yan kaɗan daga cikinsu ya isa rigar kariya da na'urar ɗaukar hoto. Nisa ma abin dubawa ne: daga Bauchi zuwa Azare tafiyar sa'o'i ce, haka daga Gombe zuwa Nafaɗa, kuma kayan da ke babban birni kaɗai ba sa amfanar wanda ke can cikin gaggawa. Akwai kuma sa ido a kan ma'ajiyar nakiyar masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, waɗanda jihohin biyu ke da su. Fashewar unguwar Bodija a Ibadan a Janairun 2024 daga irin wannan ajiya ta taso, a cikin gidan zama.

Idan na ga abin da ban yarda da shi ba, me zan yi?

Kada a taɓa shi, kada a ɗaga, kada a jefe shi da dutse, kada a zuba masa ruwa. A janye mutane aƙalla mita 100 idan ƙaramin abu ne kamar jaka, mita 400 idan mota ce, a tsaya a bayan gini mai ƙarfi nesa da gilashi. Sai an yi nisa sannan a kira 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, a bayyana wurin da kamannin abin da lokacin da aka gan shi. Kada a bari jama'a su taru kallo, ko da bayan fashewa ne, domin a hare-hare da dama an dasa na biyu ne don masu kawo ɗauki.

Masu sana'ar gwangwan da yaran da ke tara musu ƙarfe sun fi kowa shiga haɗari, tunda tsohon harsashin igwa da ya yi tsatsa yana kama da kowane ƙarfe, kuma tsufa ba ya kashe shi. A Yulin 2023 gwamnan Borno, Babagana Zulum, ya haramta sana'ar a jiharsa, duk da haka a Janairun 2024 wani abu da aka tsinto cikin ƙarafa ya tashi a wata tsangaya a Gubio ya kashe almajirai. Dillalin da ke karɓar lodi daga gabas ya kamata ya sa a baje shi a fili a duba da ido kafin a kai shi sikeli ko a sa masa guduma, kuma duk abin da ke da siffar kwalba mai fiffike a gindi, ko bututun da aka toshe bakinsa biyu, ko waya a jikinsa, a bar shi inda yake a kira jami'ai.